Maganin Bindiga da Miyar Kuɓewa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Ruma da Zakka. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da dangi, kuma su ba su yi wa kowa laifi ba. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yan awaki. Ciwonsa ɗaya ne, son a san da shi. Yana da amini mai suna Sagiru, tare suka yi kiwo tun ba su san wando ba. Sagiru farar zuciya gare shi, duk abin da amininsa ya faɗa ya zauna, ba ya neman shaida.

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, tsoro ya shiga kowane gida. Sai labari ya bazu cewa wani boka ya buɗe makaranta a bakin dajin Rugu, yana koyar da maganin bindiga. Makaranta har da aji-aji: ajin jiƙo, ajin laya, ajin guru. Salla kuwa a bakin ƙofa ake cire ta tare da takalmi. Babban sharaɗin shi ne, wanda ya sha maganin kada ya kuskura ya ci miyar kuɓewa, wai yauƙinta yana sulluɓe maganin daga jiki. Kun ji fa, maganin da zai tare harsashi, amma yana tsoron kuɓewa. Su biyun suka ɗauki tabarminsu suka tafi.

Ranar yaye ɗalibai, boka yakan tsayar da mutum a fili, ya miƙa wa aminin ɗalibin bindigar toka ya ce ya harbe shi. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, ɗalibi yana nan tsaye ko ƙwarzane babu. To shi mutumin nan yana da ido. Kafin a zo kansu ya zagaya bayan bukka, ya hango boka yana ɗura bindigar. Albarushi ya zuba, ya cusa tsumma, ya danna. Babu dalma ko ƙwaya ɗaya a ciki.

Me ya kamata ya yi, ya 'yan uwa? Ya kama hannun amininsa su koma gida su yi istigfari. Amma shi ba ƙarya ya gani ba, sana'a ya gani. Ya dawo fili ya harbi Sagiru da hayaƙi, Sagiru ya rungume shi yana kukan murna, shi kuwa ya ɓoye masa abin da ya gani.

Suna komawa gida ya buɗe tasa makarantar a zaurensa. Iyaye da tsoro ya rufe wa ido suka kwaso yara suka kawo masa. Cikinsu har da ɗansa Yazid, da Huzaifa ɗan Sagiru, yara biyu da ba a raba su ko wajen cin tuwo. Duk wanda ya yi shakka, sai a tsayar da Sagiru a harbe shi a gabansa. Ba a taɓa samun ɗan talla irinsa ba, domin shi da zuciya ɗaya ya yarda.

Wata ranar kasuwa ana cikin wannan wasa, sai wani tsohon maharbi, Jinjiri, ya kutso cikin taro da tasa bindigar.

Ya ce, "Kullum da taka ake gwadawa. Yau a gwada da wagga. Ni na ɗura ta da hannuna, kuma da ita nake kada gwanki."

Gumi ya keto wa mutumin nan. Kalma kaɗan ta ishe shi, ya ce jama'a ƙarya ce. Da an yi masa ihu, wataƙila a yi masa duka, a kwana biyu ana yi masa dariya. Shi ke nan abin da zai rasa. Ya dubi yaran makarantarsa sun zuba masa ido, ya ji ba zai iya ba.

Sagiru ya tuɓe riga ya bugi ƙirji yana murmushi. Ya ce, "Mutumina, mi kake jira? Karɓi ka harba. Yau muka fara?"

Ya karɓa. Ya ɗan ɗaga bakin bindigar sama, wai ya saɓa. Ya manta bindigar toka ba ta san saiti ba, watsa dalma take yi. Da hayaƙi ya washe, Sagiru yana ƙasa, wuyansa yana zubar da jini, idonsa a kan amininsa. A haka rai ya yi halinsa.

A nan ma ƙofar tuba ba ta rufe ba. Amma da mutane suka yo kansa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata. Ku je ku tambayi matarshi Zuwairatu mi ta dafa jiya."

Damina ce, wane gida ne babu kuɓewa? Aka je aka tarar da sauran miya a tukunya. Ta rantse da Allah ita da yara ta yi wa, mijinta miyar kuka ya ci. Ba wanda ya saurare ta. Aka ce ita ta kashe shi, aka rufe magana a kan haka. Ta yi takabarta mata suna wuce ƙofarta ba gaisuwa. Makaranta kuwa sai ma ta ƙara cika, tunda kowa ya ga abin da karya sharaɗi yake jawowa.

Huzaifa ya rame. Yara suna nuna shi suna cewa uwarsa ta kashe ubansa, shi kuma ya kasa kallon fuskarta. Wata rana ya ce wa Yazid wataƙila maganin ne ba ya ci. Yazid ya ji zafi, domin a wurinsa babansa ba ya ƙarya. Ya ce a gwada a kansa, shi da ya sha jiƙo ya ɗaura guru ya kiyaye sharaɗi.

Da hantsi, manya suna gona, suka ɗauko bindigar daga zaure suka fita bayan gari. Suka ɗura ta yadda kowane ɗan ƙauye ya ga ana ɗurawa, albarushi da dalma da tsumma. Wa ya taɓa gaya musu ba a sa dalma?

Mutumin nan yana noma ya ji ƙarar, ya yar da fartanya ya ruga. Ya tarar da Huzaifa yana birgima yana ihu, ɗansa kwance cikin jini. Ya ɗago kan Yazid. Yaron ya riƙe rigarsa, tsoron faɗa a idonsa, ya ce, "Baba, wallahi ban ci kuɓewa ba."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Ya mutu yana ba uban haƙuri.

A nan, gaban jama'a, uban ya faɗi gaskiyar da ya ƙi faɗa a kasuwa, yana kururuwa yana maimaitawa. Wa ta amfana? Matarsa ta kwashe kayanta. Zuwairatu ta ɗauki ɗanta, wanda har yau ba ya son a yi masa magana, suka bar garin. Shi kuwa hankalinsa bai dawo daidai ba. Masu zuwa kasuwar Batsari suna ganinsa a gindin bango, yana tare mutane yana ce musu babu dalma a ciki.

Ya 'yan uwa, tsoro gaskiya ne, mun san abin da muke ciki. Amma wanda ya kai tsoronsa wurin boka ya sayar da imaninsa, bai kuma sayi tsaro ba. Wanda ya kare ƙarya da ƙarya, ya sani akwai mai saurarensa a cikin gidansa, kuma shi zai fi kowa yarda.

Allah ya tsare mana imaninmu, ya tsare 'ya'yanmu daga sharrin harsunanmu, ya kawo mana zaman lafiya. Allah ya kiyaye mu.