Rigar da Auta Ya Ƙona

Akwai wani mai wanki da guga da ake ce wa Kawu Dogo. Ƙanwarsa ta rasu ta bar masa ɗa guda, Auta, wanda ya zama saurayi a shagonsa.

Auta akwai baki. In Kawu ya ce, "Farare daban, masu zuba daban, kar ka bar dutsen guga kan riga," sai Auta ya maimaita tsaf. Kafin a jima ƙauri ya cika shago.

"Aku ma ya fi ka, shi ba ya ƙona kaya," in ji Kawu. Sai mari.

Ranar da Auta ya ƙona rigar wata nas, Kawu ya ƙulle masa kayansa a leda, ya ce ya san inda dare ya yi masa.

Da nas ɗin ta zo, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kan benci tana tambayar Kawu game da Auta: barcinsa, makarantar da ta kore shi, yadda aka haife shi ɗan mitsitsi. Can ta rage murya.

"Baba, ka gafarce ni. Mahaifiyarsa ta sha giya da cikinsa?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya tuna shekarar da mijin ƙanwarsa ya gudu, da kwalaben bayan ƙofa, da yadda dangi suka ɗauke ƙafa, har da shi.

Nas ɗin ta ce, "Ku je likita ya duba shi. In hakan ne, tun a ciki ƙwaƙwalwar ta taɓu. Baki na riƙe magana, hannu ya kasa bin ta. Aiki ɗaya za ka ba shi, ka nuna masa, gobe ka sake nunawa."

"Zai warke?"

"A'a. Amma zai rayu lafiya in akwai wani a gefensa."

Kawu ya sami Auta a bayan shago, rungume da ledar. Ya miƙa hannu zai karɓa, Auta ya kare kansa da hannu biyu.

"Yanzu zan tafi, Kawu. Takalmina nake nema."

Kawu ya durƙusa kan jiƙaƙƙen siminti.

"Ba inda za ka, ɗan ƙanwata. Zo in nuna maka ninkin tawul."

Darasi: Ba duk yaron da ya kasa ba ne ya ƙi. Shan giya da ciki na barin tabon da ido ba ya gani, kuma duka ba ya goge shi. Ku riƙe uwa kafin ta faɗi, ku yi haƙuri da ɗanta. A tura wa wasu, wataƙila a ɗauke wa wani yaro marin gobe.