Sabulu Mai Tantabara

Akwai wata mai haɗa sabulu da ake kira Inna Tantabara, saboda hoton tantabarar da ke jikin takardar sabulunta. Shekara tara tana sana'ar a ɗakin bayan gidanta. Ƙaninta lauya ne, shi ya matsa mata ta yi wa tambarin rajista, tana ta mita: "Yanzu tsuntsu ma sai an yi masa takardar haihuwa?"

Wata safiya wata mai shago ta shigo a fusace, hannuwanta duk ƙuraje.

"Inna, dubi abin da sabulunki ya yi mini!"

Inna ta shinshina sabulun, ta ji soda ta yi yawa. Ta duba takardar, sai ta ga tantabarar hagu take kallo, alhali tata dama take kallo. Kafin sati masu shaguna sun fara dawo mata da kaya.

Da aka bi sawun mai yin jabun, sai ga Gajeriya, wata mai 'ya'ya uku da ta taɓa koyon sana'ar a wajenta, ta bari ba ta ƙware ba.

Ƙanin ya ce, "Yaya, tambarin naki ne, ga takarda. Kotu za ta hana ta, ta kuma biya diyya."

"Har sabulun za a hana ta yi?"

"A'a. Sana'a ta kowa ce, tambarin ne naki ke kaɗai."

Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan Gajeriya. Ta same ta tana juya haɗi a bokiti, ko safar hannu babu.

Gajeriya ta durƙusa. "Inna, ki rufa mini asiri. Ba wanda ya san sunana, shi ya sa na ari naki."

"Aro da sanin mai shi ake yi. Ƙone takardun nan, gobe ki zo ki ƙarasa koyo."

Ranar da suka kammala, Gajeriya ta bi shaguna ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ni na ɓata sunan Inna, ba ita ba." Masu saye suka dawo har da sababbi. Lauyan kuma ya yi wa Gajeriya rajistar nata tambarin. Mai shagon nan da ta yi ƙuraje ce ta fara sayen sabulun Gajeriya.

Darasi: Ka yi wa tambarinka rajista tun kafin wani ya ɗauka, kada kuma ka sayar da kaya da sunan wani. In gaskiya ta ba ka ƙarfi, haɗa da tausayi. Ku tura wa masu sana'ar da kuka sani.