Kada Kowa Ya Taɓa Mini Na'ura

Akwai wani mutum da abokansa ke kira Mai Kunne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, su kuma suka bi shi da shi, rabi wasa rabi zolaya. A cewarsa, kowa hayaniya kawai yake saurare, shi kaɗai Allah Ya ba kunnen gane daɗin sauti.

Abin alfaharinsa wata na'urar saka faifan CD ce. Ya sa an buɗe ta an dasa mata kwalaben gilashi guda biyu irin na rediyon da, waɗanda ake kira bawul. In an kunna sai su yi ja kamar garwashi, su ɗau zafi. Wanda ya dasa ya ce masa sai sun yi ɗumi sautin ke daɗi. Mai Kunne ya ɗauki maganar ya ƙara mata gishiri, ya daina kashe na'urar kwata-kwata, wai kada ta huce.

A gidan akwai yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da mijinta ya rasu ta dawo wurinsa da zama. Ita ke shara, ita ke wanki, ita ke girki. Ko'ina a gidan tas yake, ban da lungu ɗaya na falo inda na'urar take, domin ya kafa doka: tsintsiya ba ta zuwa wurin, tsumma ba ya zuwa, hannun kowa ba ya zuwa.

To da a ce shi yana gyara wurin, da sauƙi. Ina! A nan yake cin abinci. Ya gano saman na'urar da ɗumi, sai ya mayar da shi wurin ajiye kofin shayi da burodi. Ɓurɓushin biskit na zuba ta ramukan shan iska, shayi na ɗiga, shi ko a jikinsa. Ya lumshe ido yana kaɗa kai, bakinsa cike.

Wata rana Yaya ta tsaya daga nesa ta toshe hanci.

"Ƙanena, wurin nan fa wari yake. Ka bar ni in ɗan share ƙarƙashin teburin."

"Warin bawul ne, Yaya. Ba ki san shi ba."

"Ni dai na san warin ƙazanta."

"Na ce kada ki taɓa!"

Ta koma kicin.

Ko abokinsa Dogo ya taɓa cewa, "Kai, wani ƙaras-ƙaras nake ji a cikin akwatin nan in waƙa ta tsaya." Mai Kunne ya dube shi da tausayi ya ce, "Ai wannan shi ne ran sautin. Sai mai kunne ke gane shi." Dogo ya haɗiye dariyarsa.

Ana nan sai faifai ya fara tsalle, mawaƙi ya riƙa maimaita kalma ɗaya kamar mai in'ina. Daga baya farantin da ake ɗora faifan ya ƙi fitowa. Ran nan da rana, abokai na zaune, aka ji ƙauri, kwalaben suka dushe, na'ura ta yi gum.

Mai Kunne ya waiga. Ƙaddara ta sa Yaya na goge taga da jiƙaƙƙen tsumma a hannunta.

"Kin zuba mata ruwa!"

"Ni? Wallahi ko kusa da ita ban je ba."

"Ƙarya kike! Ke da ba ki san komai ba sai tukunya. Zaman cin arziki kike a gidan nan, shi ne za ki kashe mini abin da ya fi ki amfani?"

Abin kunya, abin ƙyama, a gaban baƙi, ga matar da ta wanke masa kashi yana jariri. Yaya ta ninke tsumman ta ajiye, ta haɗa kayanta a jaka ɗaya, ta tafi gidan kawunsu.

Kawu ya kira shi ya ce ya zo ya ba yayarsa haƙuri. Mai Kunne ya kafe.

"Kawu, ba zan ba da haƙuri kan gaskiyata ba. Ka zo mu je wurin mai gyara, a buɗe a gabanka. In ba a ga ruwa ba, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Kawu ya ce, "To, mu je. Rana ba ta ƙarya."

Dogo ya ɗauko na'urar, suka shiga shagon mai gyara, wani ɗan ƙaramin wuri cike da rediyoyi da talabijin na mutane. Mai gyara ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya.

"Maigida, gara in buɗe wannan a waje."

"A waje? Cikin ƙura? Ka san ko mene ne wannan? Buɗe ta nan kan tebur, kuma ka bi a hankali."

Mai gyara ya ɗaga kafaɗa, ya kwance kusoshin, ya ɗaga murfin.

Jama'a, abin da ya fito ba ya faɗuwa ana cin abinci. Kyankyasai! Manya da ƙanana, jajaye da farare waɗanda ko rana ba su taɓa gani ba, suka yi ambaliya kan teburin. Wani wari mai maiƙo ya turnuƙe shagon. Allon wayoyin ya ɓace ƙarƙashin kashinsu, ƙwayayensu jere a gindin kwalaben inda ya fi ɗumi. Idon da ke karanta faifai ya dafe baƙi ƙirin. Ga wani ƙato ya ƙone, ya manne tsakanin wayoyi biyu, ƙafafu a sama.

Ɗaya ya bi hannun rigar Mai Kunne ya shige. Mutumin da ke tafiya da ƙasaita sai ga shi yana tsalle yana dukan ƙirjinsa yana ihu. Kawu ya fita da sauri ya tofar da yawu.

Mai gyara ya rufe hanci da gefen riga, ya nuna da tsinken sukundireba.

"Ruwa dai babu. Wannan shayi ne ya bushe da sukarinsa. Wannan burodi ne. An ba su ɗumi, an ba su abinci, ba a taɓa share musu wuri ba. Ko ni ne ba zan tashi ba."

Mai Kunne ya ce da ƙaramar murya, "Za ta gyaru?"

"Gyara? Don Allah fitar mini da ita kafin su shige kayan mutane!"

Dogo, da ya daɗe yana riƙe da dariyar nan, ya ce, "Ashe ran sautin ƙafafu gare shi."

A bakin kwata suka bar na'urar. Ko masu tsintar ƙarfe sai da suka yi ta zungurar ta da sanda kafin su ɗauka.

Da yamma Mai Kunne ya je gidan Kawu. Ya tarar da Yaya tana tsintar shinkafa a tire. Ya durƙusa.

"Yaya, ki yafe mini. Yanzu na san ba ki taɓa ta ba."

Ba ta ɗago ba.

"Ai shi ne ya kashe ta, ƙanena. Da ka bar ni na taɓa, da tana nan."

"Ki dawo gida. Tun da kika tafi ko'ina ya hargitse. Kyankyasai sun bazu har ɗakin kwana."

Sai a lokacin ta dube shi, ya ga idonta ya yi ja.

"Na yafe maka, don ni na goye ka. Amma ka ce na'ura ta fi ni amfani, kuma kunnena ya ji. Ni ma ai ina da kunne. A nan zan zauna."

"To yaya zan yi da gidan?"

Ta mayar da kanta kan tire.

"Tsintsiya tana bayan ƙofar kicin."

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, fara buɗe naka murfin, wataƙila ɓarnar da hannunka ka ciyar da ita. Wanda ya ce maka wurinka na wari mai ƙaunarka ne, kada girman kai ya sa ka kore shi. Kaya in sun lalace ana sayen wasu, amma baƙar magana in ta shiga kunnen ɗan'uwa ba mai gyaran da zai ciro ta. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da lungun da ya hana a share.