Dila da Tasoshin Rana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu.

Ta zo mu ji ta, ko da ta bara ce.

A zamanin da mata ke goge tasa da toka da lemun tsami har mutum ya ga haƙoransa a ciki, icen girki ya ƙare a daji. Zaki ya kashe ɓauna, babu wutar dafawa.

Sai ga Dila da alli a hannu.

"Ranka ya daɗe, rana kyauta ce. A tara tasoshi ɗari, a haska tukunya ɗaya da su, sai tafasa."

"In ba ta tafasa ba fa, Malam?"

"A sa ni ciki."

Kura ta ce, "Na shaida."

Aka kwashe jeren kowace amarya. Aka zuba nama da ruwa a tukunya, aka ɗora ta kan suri, dabbobi suka kewaye ta, kowa da tasarsa. Ban ƙara ganin kyau irin na ranar ba. Daji duka ya zama zinariya.

Dila ya ce, "Ku runtse ido, hasken yana makantarwa. Kada wanda ya motsa."

Suka runtse, ba su motsa ba. Dila ya hau suri. Ya ɗauki tsoka, ya haɗiye. Ya ɗauki tsoka, ya haɗiye. Abu ɗaya lissafinsa ya manta: ita rana ba a ce mata kada ta motsa ba. Ta gusa kaɗan, haske ya bar tukunya, ya sauka a gadon bayansa.

"Wayyo Allah!"

Ido ɗari biyu suka buɗe. Ga hayaƙi a bayan Malam, ga hanta a bakinsa, ga ruwa ko ɗumi bai yi ba.

Kura ta lashe baki. "Malam, shiga. Ko in taimaka?"

"Hajiya, dakata. Ranka ya daɗe, taɓa nan. Akwai zafi ko babu?"

Zaki ya taɓa, ya janye hannu. "Akwai."

"To, aiki mai yiwuwa ne. Saura a gano wanda zai riƙa juya tasa yana bin rana. Sai an kafa kwamiti, kuma kowane zama sai da naman gwaji."

Aka kafa, Dila ne shugaba. Amare ba su ƙara ganin tasoshinsu ba. Bayansa har yau baƙi ne, kwamiti har yau yana zama.

Ƙurunƙus kan hanta ɗanya. In za ku yi sata, 'ya'yana, ku fara duba inda rana ta nufa.