Agogon Danshi da Ɗakin Inna

Ya 'yan uwa, ku matso ku ji. An yi wani mutum a Gazawa, ba da daɗewa ba. Ba zan kama sunansa ba, domin har yau yana raye, kuma ƙila wasunku sun sayi goro kusa da inda yake zama.

Mutumin nan ɗan kasuwa ne mai zafin nema. Wata rana a Maraɗi wani dillali ya nuna masa wata irin taba da bai taɓa gani ba. Ba siririyar sigarin da kuka sani ba ce. Wannan kauri gare ta kamar babban yatsa, ganye ne zalla aka naɗe, an jera ta cikin 'yan akwatunan katako masu ƙamshi. Dillali ya ce manyan masu kuɗi a ƙetaren iyaka suna neman ta ido rufe.

Sai zuciyar mutumin ta tashi. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya sayar da gonar da ubansa ya bar masa, ya sayi tabar, ya loda kwalayenta a mota. Ya shigo Gazawa yana dariya shi kaɗai, yana gaisa da wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Amma tun a Maraɗi dillali ya gargaɗe shi. Ya ce tabar nan ba ta son bushewa da yawa, sai ta farfashe, ba ta son danshi da yawa, sai fumfuna ta ci ta. Ya ba shi wani ɗan abu kamar agogo, mai allura guda, wanda ke nuna yawan danshin wuri. Ga shi damina ta kankama, mai saye kuma ba zai zo ba sai hanya ta yi kyau.

Da kun ga mutumin nan da agogonsa, da kun yi dariya. Ya bi gidansa ɗaki ɗaki yana ɗaga shi sama, yana leƙen allura. Ɗakinsa, danshi. Ɗakin matarsa Balkisu, danshi. Zaure, danshi. Da ya shiga ɗakin simintin mahaifiyarsa, Inna Hasiya, sai allura ta sauko ta tsaya daidai inda dillali ya nuna masa. Ya yi tsalle don murna, har ya buge kansa da ƙofa.

Ya ce, "Inna, ki ɗan koma ɗakin baya. Wata biyu ne kawai."

Ɗakin baya kuwa na ƙasa ne, nan ake tara tsofaffin buhuna, rufinsa yana yoyo. Tsohuwa ta dube shi, ta naɗe tabarmarta. Ta ce, "To, ɗana. Amma wanga ɗaki iska shika so. Ka riƙa buɗe mashi taga."

Ya ce, "Inna, wanga aikin ilimi ne, ba naki ba ne."

Kun ji? Wadda ta goya shi, ta shanya tsummansa damina bayan damina, ita ce yau ba ta san danshi ba.

Abin da bai sani ba shi ne, ba siminti ne ya busar da ɗakin nan ba. Tsohuwar ce. Shekara da shekaru, duk safiya sai ta buɗe taga da ƙofa, ta share, ta ajiye kaskon garwashi a tsakar ɗaki. Shi kuwa ya jibge kwalaye a ƙasa, ya lulluɓe su da leda, ya rufe taga, ya sa kwaɗo.

Marka ta sauka, ruwa kwana da kwanaki. Allura ta soma hawa. Hankalinsa ya tashi, ya ce lallai ta taga danshi ke shigowa, ya manne ta da leda. Allura ta ƙara hawa, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Duk abin da ya yi, danshin yake kullewa ciki tare da dukiyarsa. Sau biyar a yini yake duba agogon nan, har salla takan wuce shi. A ɗakin baya kuma Inna Hasiya tana tari a kan tabarma mai sanyi. Mutumin da ke ganin motsin allura ƙanƙanuwa bai ji tarin uwarsa ba. Wallahi wannan wurin yana ƙona mini rai duk lokacin da na faɗe shi.

Da ruwa ya ɗan tsagaita, ya ƙetara iyaka don ya taho da mai saye. Kwana huɗu ya yi. Suka iso da hantsi, yana gaba yana ta zuba, baƙo yana biye. Balkisu ta tare shi a tsakar gida.

Ta ce, "Maigida, Inna fa..."

Ya ce, "Bari in sallami baƙo tukuna."

Ya buɗe kwaɗo. Wani wari ya buge su. Ya yage leda, ya ga ruwa ya taru a cikinta. Ya buɗe akwatin farko, ga fumfuna koriya shar ta rufe taba. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na goma, duk ɗaya. Baƙo ya toshe hanci, ya yi masa jaje, ya kama hanya.

Balkisu ta sake matsowa, ta ce ƙanwarsa Zainaba ta kai Inna likita a Agye tun shekaranjiya, kuma Inna tana ta kiran sunansa. Kuna tsammani ya tashi? Ya zauna a ƙasa da tsumma yana goge tabar ɗaya bayan ɗaya, wai ko zai tsira da rabi. Yana gogewa tana marmashewa a hannunsa. Sai bayan la'asar ya hau babur.

Da ya isa Agye, ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Zainaba ba ta zage shi ba. Ta ce, "Yaya, ta bar maka saƙo. Ta ce a ce maka ka buɗe taga, kar kayanka su lalace."

Nan ya durƙushe. Ba gona, ba shanu, ba taba, kuma babu wadda zai ce wa ta yafe masa.

Ya 'yan uwa, ba hukuncin taba na tsaya faɗa muku ba. Tambayarku nake yi. Wa ke kwana a ɗakin da ya fi kyau a gidanka, mahaifiyarka ko buhunan takinka? Ka san farashin wake a kasuwar Gidan Rumji, to ka san ko rufin tsohuwarka yana yoyo? Albarkar da kake gani a gidanka, sau da yawa hannun tsohuwar nan ne da addu'arta. Ranar da ka ture ta gefe don dukiya, ka ture abin da ke tsare dukiyar. Duk wanda tasa ke raye, in an tashi daga nan ya je ya zauna ɗakinta, ya ɗaga kai ya dubi rufin da idonsa.

Allah ya jiƙan Inna Hasiya, ya gafarta wa ɗanta. Allah ya kiyaye mu da fifita kaya a kan iyaye, ya sa su rabu da mu suna masu sa mana albarka. Amin.