Ƙwaryar Alkawari da Lungun Rumbu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun duniya tana kwance, an yi wani sarki mai suna Ƙosau a Birnin Tasarma, birni mai ganuwa uku da ƙofofi goma sha biyu, wanda ayarin fatake kan kwana biyu yana hangen hasumiyarsa kafin ya iso. Allah ya ba wannan sarki dukiya da dakaru da 'ya guda ɗaya tilo, Gimbiya Yalwa, mai hankali da kyan hali. Sai dai akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, wato sunayen unguwannin birninsa. Duk sa'ad da baƙin sarakuna suka ziyarce shi suka ji ana cewa Mararrabar Gishiri, ko Rijiyar Gardama, ko Lungun Rumbu, sai ya ji kamar an kwance masa rawani a bainar jama'a.

Saboda haka ya kirawo wani hatsabibin boka mai suna Gunduma, wanda ya haɗa masa gangar tsafi ta fatar kura. Aka zaga birni da ita ana kaɗawa, duk kunnen da ya ji amonta sai tsofaffin sunaye su goge daga zuciyar mai shi. Sankira, mai shelar sarki, yana biye yana sanar da sababbi: Mararrabar Gishiri ta zama Dandalin Zinariya, Rijiyar Gardama ta zama Idon Sarki, Lungun Rumbu kuwa, wanda da shi aka fara, ya zama Hanyar Nasara. Fadawa suka yi ta cewa ba a taɓa hikima irin wannan ba, su da ko sarki ya yi tuntuɓe cewa za su yi rawa ya taka.

Kwana uku da yin haka, wuraren nan uku suka ɓace. Ba rushewa suka yi ba, ba kuma gobara ta ci su ba. Mutum zai bi hanyar da ya saba bi tun yana yaro, sai ya tarar da fili fetal, babu gida babu bango, sai ciyawa. Cikin waɗanda suka ɓace har da Gimbiya Yalwa, domin a ranar ta je Lungun Rumbu wurin wata tsohuwar makitsiya mai suna Tabawa, wadda ita ke yi mata kitso tun tana ƙarama. Boka Gunduma da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya ari ta kare.

To, ita Tabawa tana da ɗa guda, Tunau, gyartai ne mai ɗinkin fasassun ƙorai. Ranar da aka kaɗa gangar yana can ƙauyuka yana bin kasuwanni, don haka shi kaɗai ya rage da sunayen a bakinsa. Da ya dawo ya iske ciyawa a inda ya bar ɗakin mahaifiyarsa, ya daɗe tsaye zuciyarsa na ƙuna, domin ba shi da kowa a duniya sai ita. Bai yi kuka ba. Ya gyara ratayen jakarsa ya ce a ransa, abin da ya fashe duk yana da bakin tsaga, kuma sai ya nemo shi.

Tsofaffi suka gaya masa cewa kafin zuwan mutane, ƙasar ta aljanu ce, kuma sarauniyarsu tana zaune a wata tsamiya bayan Dutsen Shaho. Tunau ya yi tafiyar kwana tara, ya ƙetare kogin da ruwansa ke gudu zuwa tudu, ya ratsa dajin da itatuwansa ke kiran matafiyi da muryar 'yan uwansa, bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ya isa gindin tsamiyar da tsakar rana, ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama sau uku. Kututturen ya tsage, sai ga wata dattijuwa doguwa mai furfura har gadon baya, sanye da tufafi masu launin sabon ganye, tana zaune bisa karagar tagulla.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, na san abin da ke tafe da kai. Ka sani cewa lokacin da kakanninku suka roƙe mu wurin zama, mun ba su bisa sharaɗi ɗaya: kowane wuri za a kira shi da abin da ya faru a cikinsa, domin mu da sunaye muke gane iyakarmu da taku. Wurin da ya rasa sunansa na gaskiya ya koma hannunmu. In ya cika kwana arba'in a wurinmu, to, har abada ke nan, shi da mutanen cikinsa. Yau saura kwana goma sha tara."

Tunau ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, uwar wannan ƙasa, ban zo jayayya da hukuncinki ba, domin laifin daga gare mu yake. Na zo ne in tambayi inda ɓarakar take. Ni ba jarumi ba ne, ban taɓa riƙe takobi ba, amma gyaran abin da ya fashe shi ne gadona."

Sarauniya ta miƙo masa wata babbar ƙwarya wadda aka zana taswirar birnin gaba ɗaya a bayanta, ga ta da tsaga uku. Ta ce, "Wannan ita ce Ƙwaryar Alkawari. Ka tsaya a kowane wuri da ya ɓace, ka kira sunansa, a faɗi dalilin sunan, sannan ka ɗinke. Amma ka kiyaye, zarenka ba zai kama ba sai a kan gaskiya."

Tunau ya dawo birni saura kwana goma. Ya fara da Mararrabar Gishiri. Ya huda gefen tsagar da basilla, ya zura zaren kaba, ya kira sunan. Dalilin ne bai sani ba, sai ya yi abin da yawancinmu kan yi, ya ƙaga wanda ya ga ya dace: ya ce wani attajiri ne ya raba wa talakawa gishiri a nan. Zaren ya tsinke nan take, tsagar ta ƙara tsawon ɗan yatsa. Daga nan ya shiga hankalinsa, ya kama bin tsofaffi gida gida yana raɗa musu sunan. Ashe da zarar tsoho ya ji sunan, labarin sai ya dawo masa. Wani tsohon falke ya yi dariya har da hawaye, ya ce babu wani attajiri, raƙumi ne ya zame da damina ya zubar da kayan gishirin mangul a taɓo, mutane suka yi wata guda suna kwasar laka suna tacewa su sa a miya. Tunau ya faɗi haka ya ja zare, ɗinki ya kama, sai ga mararraba ta fito da rumfunanta, masu ciniki suna ci gaba da tayi daga inda suka tsaya.

Rijiyar Gardama ta ci masa kwana huɗu, domin zuriya biyu ta masu haƙa rijiya kowacce ta dage kakanta ne ya haƙa, har suka kusa ba hammata iska a gabansa. Ya gwada labarin wannan, zare ya tsinke, ya gwada na wancan ya tsinke. Can sai ya lura, ya ce, "Wa da ƙane ne suka haƙa ta tare, suka mutu ba su daina musun wanda ya fara taɓa ruwa ba, ga jikokinsu nan ma ba su daina ba." Zare ya kama, rijiya ta bayyana da guganta.

Saura Lungun Rumbu, saura kwana biyu. A nan ne hankalin Tunau ya tashi, domin duk tsohon da ya san labarin lungun yana cikin lungun. Shi kansa a nan aka yanke cibiyarsa, amma bai taɓa tambaya ba, kuma nadamar haka ta dame shi ƙwarai. Ya zauna a ciyawar ya zuba wa tsagar ido irin na masu sana'arsa, waɗanda ba sa fara ɗinki sai sun gano inda tsaga ta faro. Sai ya ga ba daga lungun ta faro ba. Siririn bakinta yana can daidai zanen fada. Ya kuma tuna an gaya masa cewa da wannan lungu aka fara canza suna.

Washegari da hantsi ya shiga fada ana zaman fadanci, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye ƙwaryar ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wurare biyu sun dawo, na uku yana hannunka. Ƙwarya ta nuna cewa asalin Lungun Rumbu a wannan gida yake. Gimbiya tana can, mahaifiyata tana can, kuma rana ta faɗi gobe an gama. Na san maganar nan tana iya cin wuyana. In za a sare shi, ina roƙo a bari sai jibi."

Dogarai suka zaburo, sarki ya ɗaga hannu suka tsaya. Kowa na ganin gumi yana tsattsafo wa sarki ƙarƙashin rawani. Akwai sirrin da kowane sarkin Tasarma kan raɗa wa magajinsa kaɗai, kuma shekara ɗari maroƙa suna waƙe kishiyarsa. Tunau bai sunkuyar da kai ba, ya ci gaba da duban sarki yana jira. Daga bisani sarki ya miƙe, ya ƙi doki, ya ƙi laima, ya tuɓe takalmi, ya taka da ƙafarsa har filin, jama'ar birni na biye.

Ya tsaya a tsakiyar ciyawa ya ce, "Ya ku mutanen Tasarma, kun saba ji ana cewa kakana Toro, wanda ya kafa gidanmu, bai taɓa juya wa maza baya ba. Ba haka ba ne. An kore shi a yaƙi, ya gudo shi kaɗai ba takobi, wata mai sussuka ta ɓoye shi a rumbunta ta rufe shi da gero, ya kwana bakwai tana miƙa masa fura ta ƙofar rumbu. Da ya sami mulki, shi da bakinsa ya sa wa wurin suna, don kada a manta da ita. Shi godiya ya yi, ni kuwa kunya na ji. Wannan wuri sunansa Lungun Rumbu."

Tunau ya ja zaren, zare ya kama. Bango ya tsiro, zaure ya tsiro, hayaƙin murhu ya tashi, kaji suka ci gaba da tono. A tsakar gida ga Tabawa zaune a kujerarta, kan Gimbiya bisa cinyarta, kitso ya kai rabi. Su a wurinsu ko inuwa ba ta gusa ba. Ta ɗago ta ga ɗanta a bakin ƙofa, ya rame, ƙafafunsa duk kaushi da faso, ga sarki tsaye a bayansa ba takalmi.

Ta ce, "Tunau, har ka dawo? Ka zo da baƙi ba ka aiko ba, ga shi ko tukunya ban ɗora ba."

A nan ne kukan da Tunau ya riƙe tun ranar da ya iske ciyawa ya ƙwace masa, ya durƙusa ya kifa kansa a ƙafafunta. Ita kuwa ba ta san dalili ba, ta dai sa hannunta mai maiƙon man kitso tana shafa kansa tana ba shi haƙuri.

Sarki ya sa aka ƙone gangar tsafi, aka mayar wa kowace unguwa sunanta, ya kuma naɗa Tunau Sarkin Sunaye, wanda ba a raɗa wa wuri suna sai ya ji dalili ya gamsu. Da Gimbiya Yalwa ta ji dukan abin da ya faru, ta shaida wa mahaifinta cewa mutumin da ya iya duban sarki ya nemi gaskiya a bakinsa, shi take so ya zama mijinta. Sarki ya yi murna da zaɓinta, aka ɗaura aure bayan kaka, aka yi kwana bakwai ana shagali, mutane da aljanu kowa a iyakarsa. Iyakar abin da ya iso kunnenmu na Birnin Tasarma ke nan, saura kuwa yana wurin tsofaffin da ba mu tambaya ba.