Kurege Mai Tofin Kabewa

Ku matso kusa, ga wata nan tafe da wutsiya.

"Ni ne Kurege na Kuregiya! Tofina ɗaya, ko turmi sai ya yi 'ya'ya!" Haka yake kirari a bakin gonar Ɓauna, alhali kukan cikinsa ya fi kirarin ƙara.

Kabewar Ɓauna ta yi yaɗo, ta yi fure. Kurege ya rusuna wa Ɓauna ya ce mata Inna, ai duk kabewar da ta ci bara albarkar tofinsa ce, ƙudan zuman nan masu sammakon shiga furanni kuwa ɓarayin zaƙi ne. Ɓauna ta ba shi gadi, amma ta ce in ba ta ga 'ya'ya ba, da ƙahonta zai gana.

Gogan ya turnuƙe amya da hayaƙi, ƙudan suka watse, ya sha zuma har wutsiyarsa na danƙo.

Da gari ya waye furanni suka buɗe, rana ta yi suka zube. Kwana bakwai yana tofi har yawu ya ƙafe, 'yan ƙullin gindin furen sai ruɓewa suke. Ɓauna ta fara wasa ƙaho a kututture.

Sai ya lallaɓa wurin tsohuwar ƙudan zuma, wai wani abokinsa ne ya aiko shi tambayar abin da ke sa kabewa ta yi 'ya'ya. Ta ce garin nan rawaya da ke maƙale musu a ƙafa, shi suke ɗebowa daga furen da ba shi da ƙulli su kai wa mai ƙulli.

"Ka gaishe da abokin," in ji ta. "Ka ce wutsiyarsa na ƙamshin zumarmu."

Da gari ya waye ya shafa baƙin gawayi da rawayar gangamau, ya ɗaura fukafukan ganyen gwanda, ya aika wa Ɓauna wai sarkin ƙudan zuma ya sauka. Dabbobi suka taru. Ya shigo yana "zuuu", ya cusa kai cikin fure. Furen ya yage, atishawa ta kama shi, fukafukai suka faɗi. Ƙudan gaske suka jiyo ƙamshin zumarsu, suka yi wa wutsiya rubdugu, ragowar suka faɗa furanni. Ɓauna ta ɗaga shi sama da ƙaho.

Ya dira bayan shinge, ido ɗaya a kumbure, yana ɗingishi yana waige.

"Da ma dabarata ce! In ba ni ba, wa zai dawo muku da su?"

Nan tatsuniyar ta tsaya, wutsiyar kuwa har yau a kumbure take.